Darasi: Yadda Ake Rubuta Takardar Neman Tallafin Aiki Har Ta Samu Karɓuwa

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi duk wadda take cikin wata ƙungiya, ko ta unguwa ce, ko ta makarantar Islamiyya, ko ta masu sana'a ɗaya. Wato yadda ake rubuta takardar neman tallafin aiki, wadda 'yan boko ke kira furofozal.

Sau da yawa za ki ga ƙungiya tana da aiki mai kyau a zuciya, mata sun haɗu, niyya ta yi, amma da an zo rubutu sai a ɓuge da wasiƙar roƙo: "Mu mata ne marasa galihu, muna neman a taimaka mana da abin da ya sawwaƙa." A aika, a yi ta jira shiru kamar an shuka dusa. Daga nan sai a fara cewa ai sai kana da hanya. To, hanya tana aiki a wasu wurare, ba a musu. Amma da yawa daga takardun da ake ajiyewa gefe, rubutunsu ne ya kayar da su.

Abin da za ki riƙe tun daga farko shi ne wannan: mai ba da tallafi amana zai damƙa muku, shi ma kuma akwai waɗanda zai yi wa bayanin inda kuɗin ya tafi. Saboda haka takardarku alkawari ce a rubuce. Kuna cewa ne: ga matsala, ga girmanta, ga abin da za mu yi, ga kuɗin da zai ci, ga canjin da za a gani, ga wadda za a kama in ba a gani ba. Duk takardar da ta amsa waɗannan a fili ta riga ta wuce rabin sa'o'inta.

Kuma ki sani neman ya ƙara tsanani. A shekarar 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, wadda ta daɗe tana cikin manyan masu ba da tallafi a Afirka. Masu nema sun yi yawa, abin rabawa ya ragu. Mai karanta takardu yana iya samun tuli a gabansa, ba shi da lokacin yi miki fassarar abin da kike nufi.

KAFIN KI ƊAUKI BIRO

Ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai abubuwa uku da ya kamata a gama da su kafin a rubuta ko layi ɗaya.

Na farko, ki san wanda za ki rubuta wa. Kowane mai tallafi da ɓangaren da ya sa gaba. Gidauniyar TY Danjuma, wadda aka kafa a 2009, ta fi mayar da hankali ga lafiya da ilimi. Ofishin jakadancin Japan yana da shirin tallafa wa ƙananan ayyukan al'umma, kuma ya fi karkata ga abin da ido zai gani, kamar azuzuwa, rijiyar burtsatse, ɗakin shan magani da kayan aiki. Ba ya biyan albashin ma'aikata. Asusun AWDF da ke Accra a ƙasar Ghana, wanda aka kafa a 2000, ƙungiyoyin da mata ke jagoranta yake tallafa wa. Gidauniyar Tony Elumelu kuwa tun 2015 take ba da jarin dala 5,000, amma ga mutum ɗaya mai sana'arsa. Kin ga ke nan, in kika kai buƙatar injin markaɗe inda ake neman aikin lafiyar ido, ko da rubutunki ya kai zuma daɗi ba zai wuce ba. Kada kuma ki raina na kusa: ƙaramar hukuma, ma'aikatar mata ta jiha, hukumar zakka da waƙafi a jihohin da suke da ita, da attajiran gari. Su ma takarda mai tsari ta fi jan hankalinsu.

Ki nemi ƙa'idojinsu ki karanta su daga farko har ƙarshe, sau biyu. Idan sun ce shafi biyar, kada ki kai shida. Idan sun ba da fom, fom ɗin za ki cika. Ranar rufewa kuwa ba ta da "ku yi haƙuri". Ki kuma duba da kyau, kyauta ce ko bashi? In bashi ne, akwai ruwa a ciki ko babu? Wannan a san shi tun kafin a sa hannu, don kada a jefa mata cikin abin da ba su yarda da shi ba.

Na biyu, ku gyara gidanku. Galibin masu tallafi ba sa zuba kuɗi a asusun mutum ɗaya. Za su nemi takardar rajista, ko ta ƙaramar hukuma, ko ta ƙungiyar gama-kai daga jiha, manya kuma sukan nemi ta hukumar CAC, wadda ke yi wa ƙungiyoyi rajista ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Za su nemi kundin tsarin mulkin ƙungiya, sunayen shugabanni, da asusun banki da sunan ƙungiya wanda aƙalla mutum biyu ke sa hannu kafin a cire kuɗi. Littafin da sakatariya ke rubuta abin da aka tattauna a taro, da littafin ma'aji na shiga da fita, su ne shaidarku cewa ba jiya aka haɗa ku don wannan kuɗin ba.

Na uku, ku tambayi waɗanda za a yi aikin dominsu. Shugabanni uku su zauna a falo su yanke cewa keken ɗinki mata suke buƙata, alhali matan unguwa ruwa ne damuwarsu, wannan shi ne mafarin kekunan da ke tsatsa a sito. A kira taro, a saurari kowa, a rubuta sunayen waɗanda suka halarta da abin da aka tsayar. Takardar nan ma za ta shiga cikin hujjojinku.

SASSAN TAKARDAR

Don darasin ya zauna, bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce ƙungiyarku ta mata 30 ce masu yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, babu injin markaɗe a unguwarku, kuna son a kafa muku. Duk alƙaluman da za ki gani a ƙasa na misali ne don koyo. Naku sai kun je kun ƙirga.

1. Bayanin matsala

Nan ne zuciyar takarda, nan ne kuma aka fi yin sakaci. Dubi waɗannan biyun:

"Matan unguwarmu suna cikin wahala da talauci matuƙa, ba su da abin dogaro."

"Mata 30 a unguwarmu suna sana'ar man gyaɗa. Injin markaɗe mafi kusa yana da nisan kilomita 6. Kowace tana kai markaɗe sau 3 a mako, kuɗin mota zuwa da dawowa N1,000. Wato a mako ɗaya N90,000 ke tafiya a kuɗin mota kaɗai, a shekara N4,680,000. Mafi yawansu 'ya'yansu mata suke aika, abin da ke sa yaran rasa darasin safe."

Na farkon gaskiya ne, amma kowace unguwa za ta iya faɗin haka. Na biyun ya nuna wa mai karatu mutum nawa, nisa nawa, kuɗi nawa, har da wadda abin ke faɗawa a kanta. Yadda ake samun irin waɗannan alƙaluma ba wuya: ku ɗauki littafi, ku bi gida-gida, kwana biyu ko uku sun isa. Ku rubuta ranar da kuka yi ƙidayar da waɗanda suka yi ta.

Ki lura kuma, rashin inji ba shi ne asalin matsalar ba. Matsalar ita ce riba da ke zurarewa a hanya da yaran da ke rasa makaranta. Inji magani ne. In kika fara da ciwo kafin magani, mai karatu da kansa zai ga dacewar abin da kike nema.

Kada a ƙara gishiri. Masu tallafi da dama sukan turo wakili ya zo ya gani da idonsa. In kun ce mata 200 ya tarar da 30, zance ya ƙare, sunan ƙungiya kuma ya ɓaci. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

2. Manufa

Manufa ita ce canjin da kuke alkawarin kawowa. Manufa mai kyau tana faɗin wa, me, nawa, da yaushe. "Inganta rayuwar mata" fata ce mai kyau, amma ba wanda zai iya auna ta. Ga yadda za ki sa: "Cikin wata 12, mata 30 za su daina kashe N90,000 a mako a kuɗin mota, kuma kowace za ta ƙara gyaɗar da take sarrafawa daga tiya 15 zuwa tiya 25 a mako."

Manufa biyu ko uku sun wadatar. Wasu sukan tara komai a takarda ɗaya, inji, makaranta, asibiti, auren marayu, wai ko Allah Zai sa ɗaya ta kama. Wannan yana nuna wa mai karatu ba ku tsayar da abin da kuke so ba.

3. Ayyuka da jadawalin lokaci

A nan za ki jera matakan da za a bi, kowane da watansa da mai kula da shi. Misali: wata na 1, gina rumfa, ƙarƙashin kulawar kwamitin mutum uku. Wata na 2, sayo inji da kafa shi. Wata na 2 zuwa na 3, horar da mata 4 kan sarrafa inji da ƙananan gyare-gyare. Daga wata na 3, fara aiki da rubuta shiga da fita kullum.

Ki yi la'akari da yanayin wurinku. Gini a tsakiyar damina yana da wuya. Gyaɗa ta fi araha da kaka. Watan azumi da hidimar Salla suna rage zirga-zirga. Mu matan aure kuma lokacinmu ba namu ne mu kaɗai ba, akwai girki, akwai yara, akwai izinin maigida. Ki rubuta a fili cewa injin zai yi aiki daga ƙarfe 9 na safe zuwa azahar, kuma an zauna da mazaje da mai unguwa sun amince. Mai karatu da ya san aiki zai gane cewa masu wannan takarda sun san ƙasar da suke takawa.

Akwai bambanci tsakanin aikin da aka yi da amfanin da aka samu. "Mun horar da mata 4" aiki ne. "Inji ya yi wata 9 yana aiki ba a kira makanike daga gari ba sai sau ɗaya" amfani ne. Masu tallafi na biyun suke son ji.

4. Kasafin kuɗi

Da yawan masu duba takardu nan suke fara buɗewa, domin lissafi ba ya ɓoye komai. Kada ki rubuta "kayan aiki, miliyan uku" dunƙule. Ki warware shi layi-layi:

Injin markaɗe da injin dizal mai ja: N1,800,000
Ɗauko shi da kafawa: N150,000
Siminti, katako da kwanon rufin rumfa: N500,000
Mai koyarwa, kwana 5 a kan N20,000: N100,000
Mai da ƙananan gyara na wata 3 na farko, a kan N50,000: N150,000
Jimla: N2,700,000
Kuɗin ko-ta-kwana, kashi 10 cikin 100: N270,000
Abin da ake nema: N2,970,000

Gudummawar ƙungiya: fili, wanda hayarsa ta shekara ta kai N120,000, yashi, ruwa da leburanci N180,000. Jimla N300,000.
Kuɗin aikin gaba ɗaya: N3,270,000.

Yanzu koma ki dubi bayanin matsala. Aikin gaba ɗaya bai kai abin da matan ke zubarwa a kuɗin mota a shekara guda ba. Wannan jimla ɗaya, in kika rubuta ta, ta fi shafi biyu na magiya ƙarfi.

Farashi kuwa, a je kasuwa a tambayo, a karɓo takardar farashi daga shaguna uku, kowace da kwanan wata da hatimi. Wannan ya zama dole a ƙasarmu. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kaya sun yi ta hawa, har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024 bisa lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Tsakanin aika takarda da fitowar kuɗi ana iya ɗaukar watanni. Shi ya sa ake sa kuɗin ko-ta-kwana, idan ƙa'idar mai tallafin ta yarda da shi. Amma kada a kumbura farashi da sunan dabara. Su ma suna da waya, suna iya tambayar kasuwa. Kada kuma a rage don a burge, a zo aiki ya tsaya rabi.

Gudummawarku kada ki manta da ita. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ko ba ku da tsabar kuɗi, fili, ƙarfin jiki da lokaci duk suna da ƙima, a ƙiyasta su a rubuta.

Daga ƙarshe a sa wata daban ta sake haɗa lissafin. Kuma kowane layi na kasafi ya zama yana da aikinsa a jadawali, kowane aiki a jadawali yana da kuɗinsa a kasafi.

5. Bayan kuɗin ya ƙare fa?

Wannan tambaya ita ke raba ƙungiya da ƙungiya. Duk mun san rijiyoyin burtsatse da aka buɗe da biki, bayan shekara ɗaya suka zama wurin ɗaure awaki saboda an rasa kuɗin ƙaramin gyara. Mai tallafi ya fi mu sanin wannan, kuma shi ne fargabarsa.

Ki ba shi amsa da lissafi. A misalinmu, markaɗe 90 ake yi a mako. In kowane an biya N300, an tara N27,000 a mako, wato N108,000 a mako huɗu. Mai da ƙananan gyara N50,000, alawus na masu kula da inji N30,000, saura N28,000 a zuba a asusun babban gyara. Ki faɗi wadda za ta riƙa karɓa, wadda za ta kai banki, da ranar da za a karanta lissafi a gaban kowa. Ki kuma faɗi a fili cewa injin mallakar ƙungiya ne, don kada gobe rigima ta tashi in an canja shugabanci ko mai filin ya rasu. Yarjejeniyar fili a yi ta a rubuce da shaidu.

Yana da kyau ki ambaci abin da ka iya kawo cikas da shirin da kuka yi masa: tsadar dizal, lalacewar inji, ko tashin farashin gyaɗa da bazara. Faɗin haka ba ya rage muku daraja, hasali ma yana nuna kun yi tunani.

6. Su wane ne ku?

A taƙaice: yaushe aka kafa ku, ku nawa ne, me kuka taɓa yi. Kada ki ce ai mu ba mu taɓa yin komai ba. Adashen da kuka yi shekara uku ba a taɓa cin kuɗin kowa ba, tarihi ne. Tabarmin da kuka saya wa makaranta da karo-karo, tarihi ne. Wadda ta riƙe amanar dubu hamsin da rasit ɗinta, ita ake sa ran za ta riƙe ta miliyan.

7. Yadda za a auna nasara

Ki faɗi abin da za a riƙa ƙirgawa, wa zai ƙirga, da sau nawa za ku aika rahoto. Littafin markaɗe na kullum, rasit na duk abin da aka saya, hotunan kafin aiki da bayansa, da rajistar makaranta da za ta nuna ko yaran sun koma zuwa da safe.

8. Taƙaitawa

Ita ce a shafin farko, amma ita ake rubutawa a ƙarshe. Rabin shafi ya isa: su wa ke nema, mece ce matsalar, me za a yi, mutum nawa za su amfana, nawa ake nema, tsawon wane lokaci. Ki ɗauka cewa wannan kaɗai za a karanta, domin wani lokaci hakan ce ke faruwa.

KAFIN KI AIKA

Ki ba wadda ba ta cikin ƙungiyar ta karanta, sannan ki tambaye ta: me muke nema, nawa, don me? In ta kasa amsawa, a koma a gyara. Idan da Turanci ake buƙata, ku fara tsara tunaninku da Hausa a taro, sannan a nemi mai fassara. Turanci mai sauƙi ya fi manyan kalmomin da ba su ɗauke da komai. Ko da wani kuka ɗauka ya rubuta, ko aka yi amfani da manhajar kwamfuta, wajibi ne shugaba, sakatariya da ma'aji su san abin da ke kowane shafi, domin su za a yi wa tambaya ranar ziyara. Kwafo takardar wata ƙungiya a canja suna kuwa, masu dubawa sun saba ganin irinta.

A haɗa da kwafin rajista, takardun farashi, yarjejeniyar fili, da wasiƙar goyon baya daga mai unguwa ko dagaci. A ajiye kwafin komai. A aika da sauran kwanaki, kada a bari sai daren ƙarshe lokacin da intanet ke iya ba da kunya.

Hattara da 'yan damfara. Duk wanda ya ce ku biya kuɗin fom ko ku ba shi kaso kafin a amince, ko ya nemi lambar sirri ta katin banki, ku guje shi. A tabbatar da kowace sanarwa daga ofishin masu ita ko shafinsu na ainihi.

In amsa ta zo babu, kada gwiwa ta yi sanyi. A rubuta godiya, a nemi sanin inda aka gaza cikin ladabi, a gyara, a sake gwadawa. In kuma an dace, to kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Kuɗin inji na inji ne, ba a ranta shi don biki ko suna da niyyar za a mayar. In buƙatar canja wani abu ta taso, a nemi izini a rubuce tukuna. Rahoto a kan lokaci da rasit cikakke su ne ke buɗe ƙofar tallafi na biyu.

AIKIN GIDA

A taronku na gaba, ku gwada waɗannan:

1. Ku zaɓi matsala ɗaya tak, ku rubuta ta cikin layi biyar, da alƙaluma aƙalla uku da kuka ƙirga da kanku.
2. Ku rubuta manufa ɗaya mai faɗin wa, me, nawa da yaushe.
3. Ku aika mutum biyu kasuwa su samo farashi daga shaguna uku.
4. Ku duba takardunku: rajista, asusun banki, littafin taro, littafin ma'aji. Wanne ne babu, kuma wa za ta bi shi?

Wadda ta yi waɗannan huɗun ta riga ta ɗora harsashin takardarta. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya sa albarka a sana'o'inmu da zuriyarmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalam.